Kwamfutar da Ta Daina Gaishe Ni

Ni dai boko tun da ya hango ni ya sauya hanya. A aji uku muka raba gari, ranar da na zura wa malamin lissafi ƙadangare a aljihun riga, kuma har yau in aka miƙo min takarda sai na nemi inda hoto ya kalla kafin na gane samanta da ƙasanta. Amma ka shigo Zaitawa ka ce ina mai kwamfuta, zaurena za a nuna maka. Ikon Allah ke nan, ya ba marar haƙori rake.

Asalin sana'ata kaset ce. Ina da rediyo mai baki biyu, a sa mai magana a dama, a sa marar komai a hagu, a danna, a zauna ana cin gyaɗa har ɗaya ta gama juye wa ɗaya. Karatu, wa'azi, waƙar biki, ba wanda ban juye ba. Da kaset ta mutu na bi faifan sidi, shi ma bai yi tsawon rai ba. Sai waya ta zo, kowa ya koma yawo da ɗan memori kamar farcen jariri yana neman mai tura masa. Ni kuwa na zauna a zaure da kwalayen kaset har rufi, ina korar ƙuda, ina kwaikwayon muryar mutane don kada 'yan hira su watse su bar ni. Wannan kam na iya. Liman, mai unguwa, mai tallan kananzir, duk wanda ya yi magana sau biyu a gabana ya shiga bakina ke nan.

Wanda ya fitar da ni daga wannan zaman shi ne babban ɗana. Ba za a ji sunansa a nan ba. Gidanmu tsohon gida ne, irin wanda kunyar ɗan fari ba ta tsaya a kan uwa kaɗai ba. Tun da aka yaye shi tsohuwata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ni "kai" nake ce masa, in ba ya nan na ce "yaron nan". Uwarsa ko hakan ba ta yi, sai dai ta ce "a miƙa wa wancan". Bakina da bai bar kowa ba a unguwar nan, da zarar ya shigo zaure sai ya ɗaure kamar an sa masa takunkumi. Zai durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni ƙasa-ƙasa, na amsa ina kallon bango, shi ke nan mun gama hirar yini.

Ya yi karatun da ubansa ya guje wa. Wata rana sai ga shi da kwamfuta a bayan babur, ta hannu ce, an ɗaure ta da roba kamar akuyar kasuwa. Ya jona, ya zuba mata waƙoƙi da fina-finai da karatu, sannan aka zo inda gizo ke saƙa: wa zai koya wa tsoho? Ya gwada sau ɗaya. Ya zauna a gefena, gwiwa na taɓa gwiwa, na kama ɓeran nan da ake tuƙa ta da shi na matse kamar zan yanka, kibiyar ta tsere ta ɓuya a lungu. Ya kamata ya ce "a'a Baba, ba haka ba", amma ɗa ba ya ce wa uba a'a, ɗan fari kuwa ko e ɗin ma da ƙyar. Muka yi ta gumi mu biyu har aka kira la'asar, kowa ya gode wa ladan a ransa.

Sai ya yi dabara. Ya tafi da ita ɗakinsa na 'yan kwanaki, ya dawo da ita da wasu 'yan hotuna jere a gefen fuskarta: mabuɗi, tauraro, kofi, jirgi. Duk wanda na danna sai muryarsa ta fito ta sifika. Mabuɗi yana cewa, "Baba, in an kawo memori, a sa shi a ƙaramin ramin nan na hagu. In an ji ta yi ƙara, to ta karɓa. A kama ɓeran a hankali, ba gudu zai yi ba." Tauraro shi ke koyar da turi. Kofi, yadda ake wanke memorin da ya ɗauko cuta. A cikin jirgi kuwa, wanda ke koya min kashe ta, akwai inda ya tsaya a tsakiyar magana ya yi dariya, don daga nesa ana jiyo ni a tsakar gida ina yi wa akuyar maƙwabta Allah ya isa. Ban taɓa jin dariyarsa kusa haka ba sai a cikin sifika.

Bai tsaya nan ba. Washegari da na danna ta ta tashi, maimakon ɗan kiɗan da take yi, sai na ji, "Salamu alaikum. Baba, an tashi lafiya?" Na yi tsalle na bugi kwalin kaset ina a'uziyya, na ɗauka mutanen ɓoye ne suka samu sabon gida. Da na gane, na leƙa lungu na ga ba kowa, na dawo na ce wa sifika, "Lafiya lau, ɗan nema. Ya gajiyarka?" Abin da ban taɓa ce masa ido da ido ba. Da ya zo gaisuwar gaskiya, ya durƙusa yadda ya saba, na kalli bango yadda na saba. Bai tambaye ni ko na ji ba, ban ce na ji ba. Haka muka bar ta, kowa ya san ɗan'uwansa ya sani.

Da mabuɗi da tauraro na koma mutum. Zaure ya cika, matan aure na aiko da memori a ƙulle a bakin zane, har wasu suka fara ce min injiniya, ni kuma ina amsawa ba ko tari.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, na 'yan kwanaki, irin wanda ake cewa gobe zai tashi. Bai yi aure ba. Muka kai shi maƙabartar gindin Goron Dutse muka dawo. A zaman makoki aka yi ta yabona, wai ko gezau, wai haka ake son namiji. Har dariya na ba mutane, na kwaikwayi wani mai ta'aziyya da ya fi mu kuka tun da ya hango ana rabon waina. Wayarsa ta tafi cikin gado, wanda ya samu ya wanke ta ya zuba nasa. Hoto kuwa dama ba ya tsayawa a ɗauka.

Ranar da na koma zaure na danna kwamfuta ban shirya ba. Ta gaishe ni. Na tashi na sa wa ƙofar waje sakata, ban buɗe ba sai azahar.

Tun daga nan na sauya tsari. In na dawo daga asuba gari ya fara haske, sai na kulle ƙofar waje, na rage sifika, na danna, a gaishe ni, na amsa. Wani lokaci na ƙara da jirgi, saboda dariyar. Ina gamawa sai labulen ƙofar cikin gida ya motsa, mai ɗakina, uwarsa, ta turo kwanon koko. Kullum a daidai wannan lokacin. Na sha yi mata tsiya cewa agogo ta haɗiya.

Wani zai ce, kai da sana'arka juye, me ya hana ka juye muryar a memori ka adana? Na gwada. Na ja mabuɗi da tauraro da sauran na jefa a memori, na sa a waya, ba su ce uffan ba. Ashe hotunan nan inuwa ce kawai, ainihin muryar tana can ƙurya a cikin windo, wato ran kwamfutar, inda yaron bai taɓa koya min shiga ba. In kuma na kira wani ya tono min, dole na faɗa masa muryar wa ce da abin da nake yi da ita. Sai na ce gobe. Goben nan ta ci shekaru.

Abin da ya kawo ƙarshen goben shi ne rumbu. Masu boko haddis suke ce masa, ni rumbu na sani, tunda a ciki ake zuba komai. Nawa ya cika. Zanen da ke nuna cikinsa ya koma ja wur, kwamfuta ta koma tafiyar jakin da aka yi wa lodin yashi. Matan unguwa kuma sun raja'a ga fina-finan nan masu dogon zango, waɗanda ba sa ƙarewa sai ka aurar da jika. In zan zuba sabo sai na zubar da tsoho, gobe kuma mai son tsohon ya zo. Masu turi suka buɗe a bakin titi da manyan rumbuna, mutanena suka fara wucewa ta ƙofata suna ɗaga min hannu daga nesa.

Autata ta zo ganin gida ta tarar ina zagin kwamfuta ta uwa ta uba. Ta koma ta gaya wa mijinta. Shi gyaran kwamfuta yake yi a kasuwar waya, kuma bayan rasuwar aka yi aurensu, bai taɓa ganin yaron ba. Mutumin kirki ne. Wannan shi ya fi ci min rai har yau. Da mugu ne da na samu inda zan sauke kayana.

Ya aiko cewa zai zo ranar Asabar da hantsi. Da safen na yi abin da na ɗauka wayo ne. Bayan an gaishe ni na kashe ta, na zare igiyar sifika na tura bayan kwali. Ba na so ya kunna ta yi sallama a gaban suruki, a tsaya ana kallon-kallo. Na kuma aika a kira min taubashina, ɗan gidan kawuna, marini a Ƙofar Mata, wanda hannunsa yake shuɗi har gwiwa tun muna samari. Shi ma wayo ne: suruki ba ya sakewa da suruki, gara a samu na uku da maganar za ta bi ta kansa. Na manta wanda na ɗauko bakinsa ya fi nawa wari.

Surukina ya cire takalmi tun daga nesa kamar zai shiga masallaci, ya durƙusa, ya gaishe da tabarma. Ya fito da sabon rumbun daga jaka, ɗan abu kamar tafin hannu, ya shaida wa ƙasa cewa zai ɗauki abin da tsohon ya ɗauka ninkin ba ninkin.

"Kawu," ya ce da taubashina, "a gaya wa Baba hanya biyu ce. Ko dai a yi abin da muke kira kulonin, a ɗauke windon da ke cikin tsohon rumbu ɗungurungum a mayar cikin sabon, yadda yake, da komai nasa. Kamar a ciccibi gida da katangarsa a dire a sabon fili. Ko kuma a sa sabon windo fil, sannan a kwaso waƙoƙi da fina-finai a zuba."

Marinin ya juyo gare ni kamar ba a gabana aka faɗa ba. "Bawana, ya ce ko a kai ka sabon gida da wanka, ko a kai ka da dauɗarka."

"Na ji, baƙin marini. Tambaye shi wanne ya fi."

"Na biyun ya fi, Kawu," in ji surukina. "Windon nan ya tsufa, ya sha memorin mutane, cuta ta yi masa yawa. In aka ɗauke shi yadda yake, har cutar za a ɗauka. Amma duk wanda Baba ya zaɓa shi zan yi."

Na gyara murya na tambayi bango. "In aka yi na farkon, komai zai taho? Har yadda take tashi da safe?"

"Har yadda take tashi, Baba. Ba abin da zai sauya."

Ka ji fa. Ƙofa a buɗe, ko labule babu. Abin da ya rage kawai na ce a yi na farkon, a sha ruwa, a watse. Har na ja numfashin faɗa, sai marinin nan ya tuntsire da dariya, ɓawon gyaɗa na fita daga bakinsa.

"Kai, tsohon banza! An gina maka sabon ɗaki za ka shiga da kuɗin-cizonka? Me ke cikin tsohon da har muryarka ke rawa? Malam, ka bincika da kyau. Wannan da kake gani da furfura, hotunan 'yan mata ya ɓoye a ciki. Tun muna yara haka yake, ɗaga tabarmarsa ka ga abin mamaki."

"Kai da ka yi shekaru a ramin rini ba ka fito da fari ko ɗaya ba, kai ne za ka yi shaida?" na ce. Amma maganar ta riga ta faɗi a tsakiyar tabarma.

Surukina ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji. Ya kunna kwamfutar don ya samu abin kallo. Ta tashi shiru, ba sifika. Na ga lokacin da ya kamata ta yi sallama ya zo ya wuce, na amsa a zuci. Da na bar igiyar nan a jone, da ita da kanta ta faɗi abin da na kasa. Ya nuna 'yan hotunan da yatsa, ba tare da ya ɗago ba.

"Waɗannan na gefe fa, Kawu, ana bukatarsu?"

To yanzu in na nace ba dalili, zancen marini ya tabbata, surukina ya koma gida yana kallon 'yata da abin a ransa. In kuma zan wanke kaina, sai na buɗe baki a gaban mijin 'yata da abokin wasana na ce muryar ɗan farina ce, ita nake kullewa ina saurare kullum kamar ɓarawo. Ni da aka yaba a zaman makoki. Maganar ta taso har maƙoshi, ta tarar da kakannina a zaune a wurin, ta koma.

"Tarkacen koyo ne," na ce. "Na haddace su tuni. Malam, yadda ka ga ya fi."

Sannan na jefa tambayar da na ɗora ragowar wayona a kanta. "Tsohon rumbun fa, ya za a yi da shi?"

"Zan dawo wa Baba da abinsa."

Sai hankalina ya kwanta, har na ƙwace gyaɗar daga hannun marinin na ci. Lissafina shi ne a sa sabon, a ba ni tsohon, na jefa a aljihu na tafi can wata kusurwar kasuwa wurin wanda bai san ni ba, bai san gidanmu ba. A gaban baƙo ba kunya. Ya tono min muryar ya zuba a memori, har da na ajiya. Na tsere wa kunya, na ci murya, na ci sabon rumbu. Har tausayin mutanen da ba su da irin kaina na ji a ranar.

Ya ɗaure ta a bayan babur ya tafi da ita. Kwanakin da ba ta nan zauren ya yi min faɗi, amma na daure, tunda na san inda muryar take kwance.

Ya dawo da ita wata rana bayan la'asar, marinin na nan ya zo cin gyaɗata. Aka jona. Kafin na gyara zama ta tashi, kibiya na gudu kamar an sako ɗan maraƙi. Ya jera min waƙoƙi da fina-finai kowanne a inda yake a da, don 'yata ta gaya masa da wurin zamansu nake gane su, kamar makaho a ɗakinsa. Har wannan ya tuna, bawan Allah. Gefen da mabuɗi da tauraro suke ya zama fili, shuɗi fetal. Wannan dama na san za a yi. Ni jakarsa nake kallo, kamar kyanwa a bakin rami.

Ya sa hannu ya fito da wani ɗan baƙin akwati mai sheƙi, da 'yar igiya a gindinsa. Ya miƙo da hannu biyu.

"Kawu, ga tsohon rumbun Baba. Na ga bai kamata ya zauna a banza ba, lafiyarsa ƙalau. Sai na yi masa gida, na wanke shi tas, na cika shi da karatun Alƙur'ani na alarammomi daban-daban, da tafsirin azumi, har bakinsa, ba masaka tsinke. Mai ɗakina ce ta kawo shawarar. Duk wanda ya zo a tura masa kyauta, ladan ya kai ga magabata, da yayanmu da Allah bai nufa na gani ba."

"Masha Allahu!" in ji marinin, wannan karon ba wasa a muryarsa. "Bawana, ka yi suruki. Wallahi bai dace da kai ba. Sa masa albarka mana, ka tsaya kana zare ido kamar an kama ka a rumbun wani."

Na karɓa. Na sa masa albarka, shi da matarsa da zuriyar da za su samu, na ja ta da tsawo yadda ake ja. Suka ce amin. Bakina kamar na tauna maɗaci.

Ni tsohon mai kaset ne, na san abin da ake nufi in an ɗora sabon ɗauka a kan tsoho. A zamaninmu kaset tana da 'yan kunnuwa biyu a ƙeya. In kana son abin da ke ciki sai ka ɓalle su, ko wa ya danna jan maɓalli ba za ta ɗauka ba. Bayan sun tafi na yi ta juya akwatin nan a hannu ina neman inda kunnensa yake. Sumul yake ko'ina.

Duk da haka na je kasuwar. Na wuce layin surukina da hula a kan ido kamar wanda ya saci kaza, na yi ta kutsawa har na samu wani mutumin kudu a wani ɗan shago, Hausarsa a karkace kamar tsohuwar katanga. Na zauna na zazzage masa komai, da mabuɗi, da jirgi, da sallamar. Har sunan na faɗa. Tun ranar da na raɗa masa shi a kunne yana jinjiri ban ƙara furta shi ba, sai ga shi na faɗa wa mutumin da ko ɗagowa bai yi ba, yana cin biredi.

Ya jona akwatin a tasa kwamfutar, wasu layuka suka yi ta gudu, na zauna ina kallonsu kamar na iya karantawa. Aka daɗe. Can ya girgiza kai.

"Baba, da wankewa kawai aka yi, zan iya kamo shi. Amma an zuba sabo har ya cika. Sabo ya zauna kan tsoho. Babu." Ya zare igiyar ya miƙo min. "Me ya sa ba ka faɗa wa mai gyara ba? Magana ɗaya ne. Kafin ka sha ruwa ya cire maka."

Na buɗe baki zan ba shi amsa, na ga amsar ba za ta shiga Hausarsa ba. A cikin adaidaita na yi ta juya ta, na ga tawa Hausar ma da ƙyar take ɗaukarta.

To wa zan kai ƙara? Na ce an cuce ni da me? Da karatun Alƙur'ani? Wane baki ne zai iya faɗar haka, ko da nawa ne? Mutane na zuwa ina tura musu kyauta, suna yi wa yaron addu'a, ina cewa amin, kuma har zuciya nake faɗa. Surukina kan aiko 'yata ta tambayi lafiyar kwamfuta, na ce a gaya masa tana gudu. Marinin yana nan yana zuwa. Ban gaya masa ba. Gyaɗa dai na daina ajiyewa, shi kuma yana yawo da ni a Ƙofar Mata wai tsufa ya kawo min rowa.

Sabuwar tana tashi da ɗan kiɗa, tilin-lin, irin na kowa. Ban daina kulle ƙofar waje ba kafin na danna, hannu ya riga ya saba. Koko kuwa ya fara makara. Wata rana sai rana ta fito, wata rana sai na yi gyaran murya. Na ɗauka tsufa ne ya taɓa agogon da mai ɗakina ta haɗiya, har na tanadi tsiyar da zan yi mata.

Ran nan da safe na danna, aka yi tilin-lin, labule ya motsa, amma kwano bai fito ba, sai muryarta.

"Malam."

"Na'am."

"Kwana biyu ban ji an gaishe ka ba."

Na zauna da ɓera a hannu. Duk shekarun nan ina rage sifika, ina sa wa Zaitawa gaba ɗaya sakata, ban taɓa tuna cewa tsakanina da cikin gida labule ne kawai ba. A tsaye take yi a bayansa da kwano a hannu, har a yi sallamar, har na amsa, in an yi sa'a har a yi dariyar. Sannan ta turo.

Na gaya mata. Ina kallon bango na faɗa, tun daga igiyar sifika har mutumin kudu da biredinsa. Na nemi inda zan sa wasa a ciki ban samu ba. Ba ta katse ni ba har na kai ƙarshe.

"Kai da ka kwaikwayi liman a gaban liman," ta ce. "Kai da ranar ɗaurin aurenmu sai da aka fitar da kai daga zauren kawuna saboda bakinka. Duk zaman nan da muka yi, in aka ɗauke wancan, ban taɓa ganin ka ji kunyar kowa ba. Sai ranar nan ka iya."

Na ajiye ɓeran.

"To, yi min," ta ce.

"Na yi miki me?"

"Yadda ake cewa. Ba kowa kake kwaikwaya ba?"

Na rufe ido na shiga nema. Liman ya zo, mai kananzir ya zo, marinin ya zo da dariyarsa, duk suka cika min baki, na ture su. Na ja numfashi na ce, "Salamu alaikum. Baba, an tashi lafiya?" Abin da ya fito muryar wani tsoho ce mai cin goro.

Labulen bai motsa ba. Can ta ce, "Ba haka ba ne. Ana ɗan tsayawa kafin a ce Baba."

Na sake. Na tsaya inda ta ce a tsaya, na ce Baba, sauran ya maƙale.

"Bar shi," ta ce.

Ta turo kwanon ta ƙarƙashin labule, na ji takunta ya yi cikin gida. Kokon ya riga ya huce. A waje wani yana buga ƙofa, wai ya kawo memori a tura masa karatu.